Filin Tambaya da Amsa: Bin Sawun Mulkin Ƙaramar Unguwa ta Kan Dutse

Wasiƙun wannan karon daga Jos da kewayenta suka fito, ɗaya kuma daga Abuja, kuma duk magana guda suke kewayawa: unguwar da take maƙale a kan dutse, wa ya mulke ta jiya, wa ke mulkinta yau, kuma ina hujja?

Assalamu alaikum. Unguwarmu tana can bayan tsaunukan Shere, gidajenta ba su kai 40 ba. Ƙungiyar ci gaban unguwa ta ɗora mini rubuta tarihin mulkinta. Kakana yana cewa Bauchi ake kai harajinmu, mahaifina kuma ya ce shi Jos ya sani. Maganar wa zan ɗauka, kuma ta ina zan fara?
*Malamin firamare, Unguwar Rogo, Jos*

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki maganar su biyun, domin kowanne zamaninsa yake faɗa maka. Turawa sun ci Bauchi a 1902, daga nan suka riƙa lissafa tsaunukan nan cikin Lardin Bauchi. Yankin Di'o, wato jami'in Bature mai kula da yanki, da aka fara kira Naraguta, daga baya aka koma kiransa Jos, cikin wannan lardi ya zauna har 1926, shekarar da aka yanke Lardin Filato. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka haɗe Filato da Binuwai suka zama jiha ɗaya mai hedikwata a Jos, Joseph Gomwalk yana gwamna. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya raba su, Filato ta tsaya da ƙafarta, kuma a cikin shekarar ne aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, wato hukumar gargajiya. A 1991 aka raba ƙaramar hukumar Jos gida biyu, ta Arewa da ta Kudu mai hedikwata a Bukuru. A 1996 aka ƙirƙiro Jos ta Gabas mai hedikwata a Angware, aka kuma cire Nasarawa daga Filato. Ka ga ke nan mutum yana iya tsufa a ɗakin da aka yanke masa cibiya, amma an sauya masa hukuma sau biyar ko shida.

Sai dai ka koma wurin kaka ka tambaye shi wace Bauchin yake nufi, don nan ne masu rubutu suka fi tuntuɓe. Zama cikin Lardin Bauchi na Turawa daban, bin Sarkin Bauchi daban. A ƙarni na 19 wasu al'ummomin gefen tsaunuka sun ƙulla amana da Bauchi suna kai gaisuwa, wasu kuwa ba su taɓa ba kowa komai ba sai da Bature ya zo. Akwai kuma unguwannin da iyakar lardi ta bar su a wancan ɓangaren, yau suna ƙaramar hukumar Toro ta Jihar Bauchi alhali 'yan'uwansu na jini suna Filato. Idan ka cakuɗa waɗannan ukun, tarihin da ka rubuta zai iya zama makamin rigima a hannun wani.

Wajen farawa kuma, kada ka fara da neman sunan unguwarku. Unguwa mai gida 40 ba ta da fayil nata na kanta, a cikin na dagaci take, shi kuma a cikin na gunduma. Haraji za ka bi. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi ko sarkin yanki, shi kuma ya kai baitulmalin En'e. Duk inda kuɗin nan ya bi, nan mulki ya bi. Saboda haka tambayoyin da za ka yi wa dattawa su ne: wa ke karɓar haraji a nan, wa yake kai wa, a wace kotu ake shari'armu, kuma wa ke naɗa mai unguwa idan na kai ya rasu?

Nemi dattawa aƙalla uku daga gidaje daban-daban, kada dukansu su zama gidan sarauta, kuma ka zauna da kowanne shi kaɗai. In ka tara su wuri guda, babban cikinsu zai yi magana sauran su gyaɗa kai, ka tashi da baki ɗaya kana zaton uku ne. Kada ka tsallake tsofaffin mata, musamman waɗanda aka auro daga maƙwabta, domin sun san garin da iyayensu ke haɗa haraji da shi, kuma galibi ba su da kujerar da suke karewa. Dattijo ba zai ba ka shekara ba, sai ka jingina labarinsa da abin da aka san lokacinsa: farar da ta cinye amfanin gona a farkon shekarun 1930, aikin tilas na haƙar kuza daga 1942 zuwa 1944, rufe ƙaramin layin dogo na Zariya zuwa Jos a 1957, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin fam zuwa naira a 1973, makarantun UPE na ilimin firamare kyauta a 1976. "An naɗa shi kafin canjin kuɗi ko bayansa?" ta fi "a wace shekara?" amfani nesa ba kusa ba.

Daga nan ka samu babbar takarda ka ja layuka bakwai: shekaru, mai unguwa, dagaci, gunduma, En'e ko ƙaramar hukuma, lardi ko jiha, sai na ƙarshe, hujja. A wannan na ƙarshen ka rubuta ko daga bakin wa ka ji, ko daga wace takarda. Gurbin da ba ka da hujjarsa ka bar shi fayau. Muna roƙonka da wannan, domin abin da ka cike da zato yau, jikokinku za su karanta shi a matsayin gaskiya.

Na je Kaduna wurin adana takardun tarihi, na yi kwana biyu ina duba jerin fayiloli, ban ga sunan ƙauyenmu ko sau ɗaya ba. Ko dai Turawa ba su san da mu ba?
*Ɗaliba, Jami'ar Jos*

Sun san da ku, 'yar'uwa, wanda ake karɓar harajinsa ba ya ɓata. Da sunan yau kika nema, su kuwa da na jiya suka rubuta. Di'o ba ya jin harshen mutanen dutse, ta bakin tafinta yake ji da Hausa, sannan ya rubuta da kunnen Bature. Shi ya sa fayilolin Afizere za ki same su a ƙarƙashin Jarawa, na Ngas a Angas, na Mwaghavul a Sura, na Goemai a Ankwe, na Tarok a Yergam, Berom kuma Birom. Ƙananan unguwanni sun fi shan wannan wahala, domin sau da yawa da sunan mai unguwar lokacin aka rubuta su, Gidan Wane ko Unguwar Wane, in ya rasu sunan ya bi shi. Kafin ki koma, rubuta duk sunan da aka taɓa kiran wurin da shi, na harshenku da na Hausa, da sunayen masu unguwa na da, da sunan dutsen da rafin da ke kusa. Kowanne ki gwada rubuta shi ta hanya biyu ko uku.

A ma'adanar ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, rukuni uku za ki nema: JOSPROF, wato takardun ofishin Lardin Filato, BAUPROF na Lardin Bauchi, don abin da ya gabaci 1926, da SNP, na sakatariyar lardunan Arewa. Ki tafi da takardar gabatarwa daga sashenku da katin shaida. A cikin jerin, sunan gunduma ko na ƙabila za ki bi, kina neman rahoton ƙiyasin haraji da rahoton sake tsarin mulki. Na farkon shi ne taskar. Jami'i ne ya bi ƙauyuka da ƙafa ko a kan doki, ya ƙirga gidaje, maza baligai, mata, awaki da dawaki, ya rubuta abin da ake nomawa, acca ce ko dawa ko rizga, sannan ya yanka haraji. A ƙarshen rahoton akan samu jadawali mai jera unguwanni ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin dagacinsu, wani lokaci har da taswirar hannu a naɗe. Can za ki ga ƙauyenku, a layi guda. Na biyun kuma yawancinsu na shekarun 1930 ne, zamanin Gwamna Donald Cameron, lokacin da aka sake duba yadda ake mulkin al'ummomin da ba sa ƙarƙashin sarakunan Musulunci, aka haɗe wasu ƙauyuka, aka raba wasu. Idan an taɓa cire ku daga hannun wani dagaci aka ba wani, akwai alamar a nan ne dalilin yake. Kundin Lardin Filato da C. G. Ames ya tattara aka buga a 1934 zai nuna miki yadda gundumomin suke a lokacin, ki karanta shi tun kafin ki hau mota.

Duk shafin da kika ɗauka, rubuta lambar fayil, shekara da lambar shafi nan take. In kuma akwai yiwuwar takardar ta je gaban kotu ko kwamiti, hoton waya ba zai wadatar ba, sai kwafin da ma'adanar ta buga wa hatimi ta tabbatar. Game da alƙaluman mutane, ki riƙe su da hannu biyu amma kada ki rantse a kansu: ƙirgar haraji ce, kuma mutanen dutse sun san kogunan da ake ɓoye samari da awaki ranar da mai ƙirga zai zo. Abin da Kaduna ba ta ba ki ba, ki nema a gida: rajistar baftisma ta majami'u, tunda mishan SUM (Sudan United Mission) ta iso Wase da ke Filato tun 1904, littafin tarihin makarantar firamare da ke ofishin hedimasta, tsofaffin rasit na haraji da ke cikin akwatunan dattawa, da kundayen kammala digiri na sashen tarihi a jami'arku.

Iyayenmu sun sauko daga kan dutse suka zauna a bakin hanya, tsohon garin ya zama kufai. Yanzu maƙwabta sun ce kufan a ƙasarsu yake, har suna nuna wani turken siminti a matsayin iyaka. Mu kuma kaburburan kakanninmu suna can. Ina mafita?
*Wani dattijo, Bukuru*

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan matsala ta yi yawa a Filato, kuma tushenta ɗaya ne. Tsaro ne ya hau da mutane dutse. Da yaƙi da farautar bayi suka ƙare, Turawa suka riƙa matsa wa jama'a su sauko inda ido zai gan su, kuma hanya, kasuwa, ruwa da aikin kuza suka ja sauran. Saukowar ba rana ɗaya aka yi ta ba, gida-gida aka yi, wani wurin shekaru da dama. Sunan gari ya bi mutane ƙasa, ko kuma aka samu suna biyu, na bisa da na ƙasa. Hukuma kuwa mutane take ƙirgawa, ba duwatsu ba, sai kufai ya fita daga takarda.

A fara da turken nan, don ba kowane siminti ne iyaka ba. A tsaunukan Filato akwai turakun kamfanonin kuza da ke nuna filin da aka ba su izinin haƙa, akwai na gandun daji, akwai kuma ginshiƙin safiyo da ake kafawa a ƙololuwar dutse don auna ƙasa, wanda ba ruwansa da mallakar kowa. A je a share ciyawar da ke kewaye da shi, a wanke samansa, a kwafe haruffa da lambobin da ke jiki daidai yadda suke, a ɗauki hoto, a kuma ɗauki lambobin wurin da waya. Ofishin Babban Safiyo na jiha ne zai faɗa muku ko na mene ne. Kada kowa ya tuge shi ko ya matsar da shi, laifi ne, kuma ɓata hujja ne.

Sai taswira. A nemi ta gwamnatin tarayya mai ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke daidai da kilomita 1. Jos da Bukuru suna kan takarda mai lamba 168, Naraguta. Gabas da ita kuma 169, Maijuju. Tsofaffi ne, kuma amfaninsu ke nan, domin sukan nuna gari a inda yake a da. Abu biyu ke rikita masu amfani da su. Tsawon duwatsu da ƙafa aka rubuta, ba mita ba: ƙololuwar Shere da ake cewa mita 1,829, wajen ƙafa 6,000 ke nan. Na biyu, an zana su bisa tsarin lambobin wuri na Minna, waya kuwa da wani tsarin daban, WGS84, take aiki, kuma bambancin kan kai mita 70 ko fiye. A kan dutse, mita 70 ta isa ta mayar da kufai ɗaya gefen rafi. Safiyo mai rajista ne zai daidaita muku su.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku raba magana biyu da ake haɗawa. Ƙasar dagacin da kufan yake ciki magana ce ta mulki. Wanda ke da gonakin da ke wurin magana ce ta mallaka. Mutum yana iya mallakar gona a ƙasar dagacin da ba nasa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bar wa wanda yake noma fili a karkara kafin zuwanta haƙƙinsa na gargajiya, kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar wannan haƙƙi, muddin gwamna bai ayyana wurin a matsayin birni ba. Kotun Ƙoli kuma, tun shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, cikinsu har da tarihin gargajiya da daɗewa ana amfani da wuri. To kaburbura, tushen ɗakuna, duwatsun niƙa, shingen ƙyarana da matakalan gona da aka jera da dutse duk shaidu ne. A ɗauke su hoto, a sa su a taswira, a rubuta gidan da ke da kowanne. Mafi yawan masu rasa kufai sun rasa shi ne don sun daina zuwa, wani ya share ya shuka shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. Ku kai maganar gaban hakimi da majalisar sarakunan yankin tun ana gaisawa. Ma'adinin da ke ƙarƙashin dutsen kuwa, in shi ake hange, na gwamnatin tarayya ne, ba naku ba ba nasu ba.

Dagacinmu yana gunduma ɗaya, amma katin zaɓena ya nuna wata mazaɓa daban. Wanne ne daidai?
*Ma'aikaciyar jinya, Kubwa, Abuja*

Duka daidai ne, Hajiya, don ba hannu ɗaya ya zana su ba. Gunduma da ƙasar dagaci na gwamnatin jiha ne da masarauta. Mazaɓar da ke katinki ta INEC ce, wadda ke da 8,809 a ƙasa baki ɗaya, 207 daga ciki a Filato. Hukumar zaɓen jiha, PLASIEC, tana da nata mazaɓun na kansiloli, kuma sun fi haka yawa. Dubi lambar da ke katin: kashi huɗu ce, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, kuma ta Filato da 31 take farawa. Kashi na biyun shi ne abin dubawa. In ya nuna ƙaramar hukumarku, ba abin damuwa. Unguwar kan dutse sau da yawa akan jingina ta da makarantar da ta fi kusa da mota, ko da ta wata gunduma ce, kuma ƙarin rumfunan 2021, daga 119,973 zuwa 176,846, ya sake matsar da wasu. In kuwa wata ƙaramar hukuma ya nuna, ki nemi sauyin rumfa a ofishin INEC lokacin rajista. Katin zaɓe ba ya tabbatar da asali, ba ya kuma soke shi. Takardar asali ta hannun mai unguwa, dagaci da hakimi take bi zuwa ƙaramar hukuma.

Mun yi yawa yanzu. Muna so a ba mu dagacinmu, in da hali ma a mayar da mu ƙaramar hukumar da ta fi kusa da mu, don zuwa hedikwatarmu sai mun kewaye dutse.
*Sakataren ƙungiyar matasa, Jos ta Gabas*

Ɗan'uwa, buƙata biyu ka kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta dagaci a hannun jiha take. Takarda za ta tashi daga jama'a da sa hannun masu unguwanni, ta bi ta dagacin yanzu da hakimi, ta je majalisar sarakuna da shugaban ƙaramar hukuma, sannan ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu. A haɗa da jerin gidaje da sunayen masu su, taswirar iyakar da ake nema wadda maƙwabta suka amince da ita a rubuce, da bayanin gidajen da ke da haƙƙin sarautar da yadda za a riƙa zaɓe. Wannan na ƙarshen shi ake yawan bari sai daga baya, kuma shi ke raba unguwa biyu ranar da aka ba da sandar. Tsallake dagacin yanzu kuwa kashe takardar ne, domin za a dawo da ita a tambaye shi. Don yawan jama'a, ƙidayar 1991 ta fitar da alƙaluman garuruwa ɗaya-ɗaya, ta 2006 kuwa a matakin ƙaramar hukuma aka fitar da ita, saboda haka ku haɗa da rajistar makaranta da ta rumfar zaɓe. In an amince, kada ku tsaya a sanarwar rediyo ko bikin naɗi. Ku nemi kwafin gazet ɗin gwamnati mai ɗauke da sunan, ku duba an rubuta shi daidai da unguwannin da ke ƙarƙashinsa. An sha ƙirƙiro gundumomi da masarautu a jihar nan wata gwamnati ta zo ta dakatar, kuma a irin wannan ranar takarda ake tambaya.

Sauya ƙaramar hukuma kuwa maganar tsarin mulki ce. Sashe na 8 na kundin 1999 ya ce gyaran iyaka sai buƙatar ta samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin da ke nema da yankin da abin zai shafa, a majalisar dokokin jiha da kuma majalisar ƙaramar hukuma, sannan majalisar jiha ta amince da rinjaye. Ma'ana, sai waɗanda za ku bari sun yarda su rasa ku, da ƙuri'unku. In iyakar ta jiha ce, kamar tsakanin Filato da Bauchi, sai an haɗa da Majalisar Tarayya da Hukumar Iyakoki ta Ƙasa. Jerin ƙananan hukumomi 774 bai ƙaru ba tun 1996, 17 daga ciki na Filato.

Shawararmu ita ce ku sa ƙarfinku kan ta farkon. In nisan hedikwata ne ainihin ciwon, ku rubuta wa ƙaramar hukumarku buƙatar hanya, ɗakin shan magani da rumfar zaɓe, kowace a takardarta daban, da kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiha. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa mai kwanan wata, ku ajiye a fayil ɗin ƙungiya tare da jerin gidajen, kuma ku sabunta jerin duk shekara bayan girbi, lokacin da 'yan ci-rani ba su riga sun watse ba.